Babi Na Huɗu: Tsakanin Tafasa Da Rai-ɗore

Wanda ya fito daga Kumbotso da sassafe a tsakiyar damina, ya bar hayaƙin masana'antun Calawa a bayansa, ya hau hanyar Zariya, ya ƙetare gadar Tamburawa inda kogin Calawa yake gab da gamuwa da kogin Kano, har ya doshi Kura, ko kuwa ya ratse ta Ƙarfi ya nufi Bunkure, zai ga ƙasa ta yi shar hagu da dama iyakar ganinsa, amma in ya sauka aka tambaye shi abin da ya gani a hanya, galibi amsarsa ba za ta wuce shinkafa da ciyawa da tsuntsaye ba. Ni ma shekaru da dama iyakar amsata ke nan, alhali kuwa a cikin wannan abu da muke dunƙulewa mu kira ciyawa akwai abinci, akwai magani, akwai kuma dafin da zai kwantar da ƙato, sun tsiro kafaɗa da kafaɗa a kan kunya ɗaya, ruwa ɗaya suke sha, kuma babu wanda aka rubuta wa sunansa a goshi.

Ranar da asirin jahilcina ya tonu, na je duba gonar wani ɗan'uwana ne a gefen Bunkure, uwargida kuwa ta yi mini saƙon tafasa za ta yi mana kwaɗo. Da yake ina taƙama a ƙauye aka binne cibiyata, ga shi kuma na daɗe ina koyar da 'ya'yan mutane a makaranta, ban ga dalilin tambayar kowa ba, sai na tsaya a bakin wata magudanar ruwa na yi ta figar ganye har jakata ta cika. Ashe wani dattijo da ke zaune a gindin tsamiya yana gyaran ƙotar fartanyarsa yana kallona tun ɗazu. Da na zo wucewa na yi sallama, ya amsa, sa'an nan ya ce, "Malam, wa ke fama da zazzaɓi a gidan?"

Na ce, "Lafiya lau muke, Baba. Kwaɗo za a yi."

Ya ce, "To, ɗana, in dai da wannan za a yi kwaɗon, sai ku share hanyar bayan gida tun da sauran rana."

Ya sa hannu a jakar ya zaro reshe guda, ya miƙa hannu bayansa ya tsinko wani daga ƙasa, ya jera mini su a kan gwiwarsa kamar alƙali ya gurfanar da masu ƙara biyu. Dukansu furensu rawaya ne, dukansu ganyensu bibbiyu ne suna fuskantar juna a kan sanda ɗaya, tsayinsu kuma kusan ɗaya, wannan ne ya rufe mini ido. Amma ganyen tafasa jeri uku ne ba ƙari, watau shida a reshe, bakin kowanne a zagaye yake, ya fi faɗi ta wajen kai, kwansonta siriri ne dogo mai lanƙwasa kamar lauje, da magariba kuwa ganyenta sukan haɗe su rufe kamar mai barci. Rai-ɗore, wanda shi ne na cika jaka da shi, jerinsa huɗu ne ko biyar, ganyensa mai tsini ne kamar kan mashi, kwansonsa a shafe yake, in ka murza shi a tsakanin yatsu kuma sai wani ɗoyi ya buge ka wanda ba ka jinsa da wannan ƙarfi a tafasa. Mutanenmu sukan dafa rai-ɗore domin zazzaɓi, shi ya sa dattijon ya tambayi mara lafiya, amma 'ya'yansa ɗanyu masifa ne ga dabba da ƙaramin yaro, har ma a arewacin Indiya likitoci sun gano cewa wata cuta da ta yi ta kashe yara ƙanana a ƙauyuka shekara da shekaru, tana lalata musu hanta da ƙwaƙwalwa, daga cin 'ya'yan wannan shuka take. Ita kuwa tafasa, wadda muke rainawa muna cewa abincin shekarar yunwa ce, yanzu 'ya'yanta buhu buhu ake aunawa a Dawanau ana kai su ƙasashen waje.

Tun daga ranar nan nake bin dattawa da tambaya, kuma abin da na fahimta daga gare su, ko da yake su ba su tsara shi da wannan lafazi ba, shi ne ba a yanke wa tsiro ko tsuntsu hukuncin suna sai shaidu uku sun tsaya, watau siffarsa, da wurin da aka gan shi, da lokacin da aka gan shi, kuma in ɗaya daga cikin ukun ya saɓa wa sauran, mai hankali yakan ɗage shari'ar ne har ya sami ƙarin bayani. Wannan fa ilmi ne mai daraja, ba tatsuniyar makiyaya ba, domin kuwa sanin sunayen abubuwa shi ne farkon abin da aka sanar da Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara. Malamai magabata ba su yi girman kai da shi ba. Abu Hanifa Addinawari, a ƙarni na uku na Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan tsirrai, mafi yawan abin da ke ciki kuwa daga bakin Larabawan ƙauye ya samo asali. A ƙasarmu ma, wani likita ɗan Sikotland mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa a farkon zamanin Turawa, haka ya bi manoma da masu magani da mata masu sayar da ganye yana rubutawa, har a 1916 ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Da shi da ƙamus ɗin Bargery na 1934, su ne har gobe ake komawa gare su in an yi gardamar suna, abin kunyarmu kuwa shi ne yawancin jikokin waɗanda suka faɗa musu sunayen ba su san sulusinsu ba.

Sai dai suna kaɗai ba ya isa hujja, domin abu ɗaya yakan ɗauki sunaye da yawa, suna ɗaya kuma yakan hau kan abubuwa da yawa. Itacen nan mai ɗaci da aka shigo da shi Barno a 1928, asalinsa kuwa daga ƙasar Indiya yake, wani ya ce masa darbejiya, wani maina, wani dogon-yaro. Muguwar ciyawar nan mai jan fure da ke tsotse saiwar dawa da gero a gonar da ta gaji, wasu ƙuduji suke ce mata, wasu wuta-wuta. Har rubutun boko ma yakan ƙara dagula al'amari in an yi sakaci da lanƙwasar baƙi, domin dinya tsuntsuwar ruwa ce babba, ɗinya kuwa itaciya ce mai baƙaƙen 'ya'ya. Saboda irin wannan ruɗani ne masanan Turai suka bi tsarin Linnaeus, mutumin Suwidin, wanda a 1753 ya sa wa kowane tsiro suna biyu na Latin, na farko na dangi, na biyu na kansa, kamar dai yadda muke haɗa sunan mutum da na mahaifinsa. A tsarin nan tafasa da rai-ɗore sunan danginsu ɗaya ne, Senna, wannan kuwa ya ɗan rage mini kunya da na ji shi.

To, a wannan yanki namu wani abu ya faru wanda ya gigita shaidu biyu daga cikin ukun, watau wuri da lokaci. A zamanin Gwamna Audu Bako, tsakanin 1971 da 1974, aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, aka haƙa babbar magudana wadda ke ɗauko ruwa ta Ruwan Kanya ta gangaro da shi, ba da ƙarfin inji ba sai da gangarar ƙasa kawai, ta rarraba shi cikin ƙananan magudanai a ƙasashen Bunkure da Garun Malam da Kura, bisa shirin shayar da kimanin hekta 22,000 a kashi na farko, daga baya kuma aka danƙa aikin ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Alherin wannan aiki ba ya ɓoyuwa ga duk wanda ya ga kwandunan tumatir a Kwanar Gafan ko ya ji rugugin injinan casar shinkafa a Kura. Amma ƙasar da a da take bushewa ƙaƙas daga kaka zuwa bazara, yanzu tana jiƙe wata goma sha biyu, sai ga lalo da gasaya da zaki-banza, waɗanda kakanninmu suka sani da ganyen damina, suna tsirowa a gefen fangalin albasa a tsakiyar hunturu. Itatuwan gona kuwa, irin su ɗorawa da kanya da gawo, da yawansu sun sha gatari lokacin da ake baje ƙasa ana yanka ta fili fili, har ya zama yaron da ya tashi a tsakiyar shimfiɗar nan yana iya girma bai taɓa lura da al'ajabin gawo ba, itacen da ke zubar da ganyensa in damina ta sauka, ya tsaya tsirara sa'ad da kowa ke ado, sa'an nan ya yi kore shar a lokacin da kome ya bushe, dawar da ke gindinsa kuma ta fi ta ko'ina kyau.

Wanda ya fi kowa cin ribar wannan canji shi ne kacalla. Ba ta da wuyar ganewa: doguwa ce ta fi mutum tsayi, ganyenta kamar takobi, kanta kamar zangarniyar gero mai launin ƙasa-ƙasa, in ya bushe ya fashe sai iska ta kwashi irin kamar audugar rimi. A da rani yakan kashe ta, ko ambaliya ta tumɓuke ta, yanzu kuwa ta sami ruwa kwance wanda ba ya ƙafewa, ta toshe magudanai a nan, ta cinye dubban gonaki da wuraren kamun kifi a can ƙasa wajen Haɗeja da Nguru. A gefenta za ka ga duman rafi yana yaɗo da furensa ja-ja mai ban sha'awa, wanda makiyayi mai hankali ba ya barin tumakinsa su cika ciki da shi, domin yakan sa su rawar jiki da tangaɗi. Kainuwa da bado kuwa tun asali 'yan gida ne, sai dai gidan nasu ya ƙara faɗi.

A cikin kacallar nan ne babban abokin gabar mai shinkafa yake kwana, watau jan-baki. Tsuntsu ne ƙanƙane wanda bai cika tafin hannu ba, amma masana sun ce babu tsuntsun daji a duniya da ya kai shi yawa, wanda kuwa ya taɓa ganin garkensa ya taso da hantsi kamar hayaƙin gobara, yana murɗawa yana miƙewa, ya sauka a kan shinkafar da ta fara nuna, ba zai yi musun wannan magana ba. Yara su wuni suna kaɗa gwangwanaye suna ihu suna wurga majajjawa, masu hali su lulluɓe gona da raga, wata shekara har gwamnati ta aiko da jirgin sama ya yi feshi a makwancinsu. Abin lura ga mai neman sani shi ne sunan nan nasa yakan yi ƙarya wani lokaci, domin in lokacin ƙwai ya zo bakin macen yakan koma rawaya, namijin kuma galibi fuskarsa ta yi baƙi kamar ya ɗaura amawali, in lokacin ya wuce su duka su koma kamanni ɗaya. Mutum ya ga tsuntsu ɗaya cikin riga uku ya ɗauka iri uku ne.

Shamuwa ita ce ba ta yarda an ruɗe ta ba. Duk ruwan da ke kwance a magudanan nan cikin watan Janairu bai taɓa sa ta zo kafin lokacinta ba, sai bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sa'an nan za ka wayi gari ka gan ta a kan kuka ko tsamiyar tsakiyar gari tana gyara tsohuwar sheƙarta, baƙa ce mai farin ciki, gefen fuskarta shuɗi, gwiwoyinta da tafin ƙafarta ja-ja. Ba a taɓa ta, ba a cin ta, domin mai bushara ce, kuma fara da tsutsa take ci, ba hatsi ba. In kaka ta yi ta tashi ta ƙetare tsakiyar duniya ta tafi kudancin Afirka, inda damina take farawa daidai lokacin da tamu take ƙarewa, watau ita ba ta san rani ba a rayuwarta. Turawa sun laƙaba mata sunan wani gwamna na zamanin mulkin Turkawa a ƙasar Sudan, Abdim, mu kuwa da muke kwana da ita a gari ɗaya ba mu ga abin da ya haɗa ta da gwamna ba.

Sa'ad da shamuwa take tafiya kudu, wasu baƙi suke saukowa daga arewa. Akwai wani ɗan tsuntsu siriri mai rawayan ciki wanda ba ya daina kaɗa wutsiya, yana bin sawun shanu da gefen fangalin da aka shayar, akwai kuma masu dogayen ƙafafu da dogon baki da ke caccakar laka a gonar shinkafar da aka girbe, da ƙananan agwagi da ke sauka cikin kirinjijiya, waɗannan duka a Turai da Rasha suke ƙyanƙyasa, su ƙetare Bahar Rum da Sahara su yi hunturu a wurinmu. Su kansu Turawa sun daɗe suna gardamar inda tsuntsayensu suke ɓacewa da sanyi, har a 1822 aka harbo wata babbar farar tsuntsuwa, 'yar'uwar shamuwa, a arewacin Jamus, da mashin mutanen Afirka soke a wuyanta, ta yi tafiyar dubban mil da shi, kuma har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. Saboda haka in ka tsinci mataccen tsuntsu da ɗan zoben ƙarfe mai lamba a ƙafarsa, kada ka tsorata ka ce sammu ne, masu nazarin tsuntsaye ne suka sa masa domin su san iyakar tafiyarsa.

Sauran na gida kuwa kunne ya fi ido saurin gane su. Ragon maza, mai jan fiffike da doguwar baƙar wutsiya, wanda ya fi son rarrafe cikin ciyawa da tashi, kukansa kamar ana tsiyaye ruwa daga gora yake. Zakaran ƙeƙuwa, mai baƙi da fari, a ƙasa yake ƙwai a bakin ruwa, ba ka isa ka matso kusa ba sai ya tara maka jama'a da ƙara. Farar tsuntsuwar da ke bin shanu mai rawayan baki ita ce balbela ta ainihi, wadda kuma take tsaye cikin ruwa tana dakon kifi, mai baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu da rawayan yatsu, wata ce dabam, ko da yake mukan haɗa su a suna ɗaya. Alhudahuda mai tukku, wanda ya kai wa Annabi Sulaimanu labarin Saba'u, yana nan yana tonon ƙasa a gefen gonaki, yara da yawa sun karanta kissarsa a allo ba su san shi ne suke jifa da danƙo ba. Wadda na nema na rasa ita ce ungulu. A ƙuruciyarmu ba a yanka akuya a kasuwar ƙauye ba tare da sun jeru a kan katanga ba, yanzu kuwa sai mutum ya shekara bai ga ko ɗaya ba, saboda guba da kuma masu sayen kanta da ƙwanta domin tsibbu, har a 2015 masu kula da halittu na duniya suka sa irin tamu cikin jerin waɗanda ke bakin ƙarewa. A ganina wannan hasara ce babba, domin ma'aikaciyar tsabta ce wadda ba ta taɓa karɓar albashi ba, mushen da take kwashewa a yini guda yanzu sai ya kwana uku yana wari a bayan gari.

Kafin in shiga maganar da ta fi kowace nauyi, dole in ambaci zaƙami, domin yana tsirowa a juji da kangaye da bayan gidaje, inda yara suke wasa. Furensa babba ne fari, wani da shuɗi-shuɗi, ya buɗe baki kamar kakaki, ɗansa kuma dunƙulalle ne mai ƙayoyi, cike da ƙananan iri. Wanda ya ci, bakinsa yakan bushe, jikinsa ya yi zafi, ƙwayar idonsa ta buɗe, ya yi ta sambatu yana kamun abin da babu, wani ya farfaɗo bayan kwana biyu bai san abin da ya yi ba, wani kuwa ba ya farfaɗowa. Malamanmu na Malikiyya, bisa rabon da Alƙarafi ya yi, sun kasa masu gusar da hankali kashi uku, da muskir, da mufsid, da murƙid, na ukun shi ne mai ɗauke hankali da ji da gani gaba ɗaya, kuma a littattafan sharhi da wannan tsiro ake buga misalinsa. Ba najasa ba ne, amma haramun ne a sha abin da zai taɓa hankali daga gare shi, balle a jefa wa bayin Allah shi cikin zoɓo a wurin biki, kamar yadda wasu samari marasa tsoron Allah suke yi.

Yanzu sai naman kaza, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi, kuma a nan ne shaidun nan uku suke gazawa. Da farko dai shi ba tsiro ba ne irin sauran tsirrai, domin ba shi da ganye, ba shi da fure, ba ya kuma cin hasken rana. Ainihin jikinsa zare ne fari siriri kamar saƙar gizo, yana ɓoye cikin ƙasa ko ruɓaɓɓen itace ko taki duk shekara, laimar da muke gani da safe bayan ruwan dare kuwa ɗansa ne kawai, ya fito ya zubar da irinsa, wanda ya fi garin kwalli laushi, ya ruɓe cikin kwana biyu. Danginsa suna da yawa, kuma manomi ya san wasunsu ba tare da ya san 'yan'uwa ne ba, kamar burtuntuna da ke mai da kan dawa baƙin gari, da fumfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi. Wannan fumfuna ba abin wasa ba ce, domin a 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil, binciken mutuwarsu ne ya tono dafin da ke cikinta, wanda ke cin hantar mutum a hankali, kuma wuta ba ta kashe shi.

Mu Hausawa ba mu cika cin naman kaza ba, maƙwabtanmu na kudu kuwa, Yarbawa da Ibo da Nufawa da wasunsu, suna ci, suna sayarwa a kasuwa, kuma sun gaji saninsa kaka da kakanni. Larabawa ma suna da nasu na cikin rairayi da suke kira kam'a, wanda ambatonsa da yabo ya zo a Bukhari da Muslim. Mafi shahara a cikin waɗanda ake ci a Afirka shi ne wanda ke fitowa a kan suri ko kusa da shi, labarinsa kuwa abin tasbihi ne, domin gara ce take noma shi a cikin gidanta, ta tauna ciyawa da itace ta shimfiɗa masa kamar fangali, shi kuma ya narkar mata da abin da cikinta ba ya iya narkarwa, in damina ta sauka ya huda rufin ya fito, shi ya sa in ka tone gindinsa a hankali za ka ga wata doguwar jijiya ta nutse ƙasa har cikin ɗakin garar. Amma a filin da aka zuba taki, ko inda shanu suka yi makwanci, akwai wani babba fari mai ɓawo-ɓawo a ka da zobe a wuya, yakan fito a jere kamar an zana da'ira, kyansa ya fi na mai surin, wanda ya ci shi kuwa kafin awa uku amai da gudawa sun kayar da shi. Yadda masana suke tona asirinsa shi ne su cire laimar wadda ta girma su kife ta a kan farar takarda, su rufe da ƙwarya ta kwana, da safe garin irin da ya zubo zai nuna launinsa, na wannan mugu kore-kore ne, na mai suri kuwa ja-ja ne mai haske.

Duk da haka ban rubuta wannan domin in ba kowa lasisin ci ba. Ƙarami wanda bai buɗe ba bai zubar da iri, suri yakan ruguje ya saje da ƙasa, mugu kuma yana iya tsirowa taku biyu daga nagari. Maganar da ake yi cewa wanda tsutsa ko akuya ta ci mutum ma zai iya ci, ko wai dafuwa tana kashe dafi, ko wai mai dafi yakan baƙanta cokalin azurfa, duk ba ta da asali, mutane da yawa a duniya sun tafi lahira a kanta. Mafi sharrinsu, dangin da ake kira Amanita, waɗanda sukan fito daga cikin wata 'yar jaka a gindinsu, ba sa nuna kome sai bayan awa shida ko fiye, har yini guda, sa'an nan ciwon ciki ya taso, ya lafa kamar an warke, alhali hanta tana mutuwa a ɓoye. Asalin abin da ƙasa ta fitar halal ne matuƙar ba ya cutarwa, amma kiyaye rai wajibi ne, abin da aka yi shakkar yana kisa kuwa barinsa ake yi, ba a gwada shi a kan ciki.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in ka ga laima a gona ka duba ta, ka tone gindinta, ka kife ta a takarda, ka rubuta ranar da wurin a littafinka tare da sunan da dattawan wurin suka faɗa maka, amma kada ta shiga tukunyarka sai in wanda ya shekara yana cin irinta a wannan ƙasa ne ya tsinko ta da hannunsa. In kuwa ƙaddara ta sa yaro ya ci, ko ita ko 'ya'yan zaƙami ko na rai-ɗore, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara ana jiran a ga abin da zai faru, a kai shi asibiti nan take ko da yana wasansa, a kuma tafi da ragowar abin da ya ci a nannaɗe cikin takarda domin likita ya gani.